Yadda Ake Gano Lokacin Haihuwar Dattawan Gida Ta Hanyar Abubuwan Da Suka Faru A Zamaninsu

Yawancin waɗanda aka haifa a karkarar ƙasar Hausa kafin 1970 ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Abin da ke jikin katin ɗan ƙasa ko fasfonsu ƙiyasi ne na ma'aikacin da ya dubi fuska da furfura, shi ya sa za ka tarar da mutum huɗu a gida guda duk an ba su 1 ga Janairu. A Nijar takardu da yawa suna ɗauke da "né vers 1950", wato an haife shi wajejen 1950. Sai dai tsohuwar da ba ta san lissafin boko ba ta san cewa da azumi aka haife ta, ana tsakiyar marka, kuma tana goyon ɗanta na biyu aka kashe Sardauna. Bayanai irin waɗannan, in an iya haɗa su, suna kai mutum ga shekara, wani lokaci har ga mako. Sharaɗin shi ne kada a dogara da alama ɗaya. Ana neman uku da ba su dogara da juna ba: abin da ya faru a ƙasa, watan Musulunci tare da yanayin shekara, sai kuma ranar mako.

Ka tanadi littafi mai kaurin bango, fensir don abin da ba a tabbatar ba, biro don wanda aka tabbatar, waya mai ɗaukar murya, da manhajar da ke juya kwanan watan Hijira zuwa Miladiyya tana nuna ranar mako. Kada ka je wa tsoho hannu rabbana. Goro ko turare yana buɗe hira.

Fara da jerin haihuwa

Tambayar "Kaka, shekarunki nawa?" ba ta haifar da komai sai "Allah masani". Ka fara da wa ya girmi wa. Ka ɗauki ɗaki ɗaki, wato kowace mata da 'ya'yanta, daga ɗan fari zuwa auta, har da waɗanda suka rasu suna jarirai da cikin da ya zube. Mata ne ke riƙe da wannan ilimi, musamman goggo, yayar uwa, kishiya, da ungozoma in tana raye.

A nan ake yawan yin kuskure, kuma sanadin kunya ce. Uwa ta da ba ta kama sunan ɗanta na fari, tana ma iya tsallake shi in tana ƙirga 'ya'ya a gaban mutane. Ba ta faɗin sunan miji ko na suruki, sai dai "Malam" ko "mai gidan nan". Don haka sunan yanka ka neme shi wurin wata, ita kuma ka bar ta da labari. Jika ya fi ɗa samun bakin tsoho, saboda wasan da ke tsakaninsu, to in akwai jika mai hankali a sa shi ya yi tambayar. Riƙo ma yana rikita jeri: yaron da goggonsa ta yaye ta riƙe akan lissafa shi a ɗakinta. Ka tambaya a fili, cikin ladabi: "Goggo, shi wannan ke kika haife shi ko riƙonsa kika yi?" Haka agola. Wanda aka shayar tare da wani kuwa ka rubuta shi da biro, domin wannan ya shafi halaccin aure a gaba.

In jeri ya kammala, ka sa tazara. A da ana shayarwa kusan shekara biyu, saboda haka tsakanin yaro da saƙonsa shekara biyu ne zuwa uku. In ka ga giɓin shekara biyar ko shida, akwai abin da ba a faɗa maka ba: ɓari, rasuwar jariri, yaji mai tsawo, mutuwar aure, ko maigida ya tafi cin rani ya daɗe. In tazarar ba ta kai shekara biyu ba, ko an yi kwanika ko na gaban bai rayu ba. Da ka samu shekarar mutum ɗaya a jerin, sauran sai ka bi su sama da ƙasa.

Kafa turakun tarihi

Yanzu ka rubuta jerin abubuwan da mutanen yankinku ba sa mantawa, kowanne da shekararsa. Ga waɗanda suka fi amfani a Arewacin Najeriya. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris na shekarar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, sojojin da aka kai ƙasar Bama (Burma) kuma galibinsu a 1946 suka dawo gida. Sarauniyar Ingila ta zo a farkon 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna. Jihar Arewa ta samu mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, Najeriya ranar Asabar 1 ga Oktoba 1960. An kashe Sardauna ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin goman ƙarshe na azumi. Yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Canjin hannu, da motoci suka koma dama, 2 ga Afrilu 1972. Naira da kwabo 1 ga Janairu 1973, kuma ranar 22 ga wannan watan jirgin alhazai ya yi hatsari a filin jirgin Kano. An kashe Murtala ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, a watan Satumbar shekarar aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980. An ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara da Gombe a 1996, shekarar da aka yi babbar annobar sanƙarau. Abacha ya rasu ranar Litinin 8 ga Yuni 1998.

A Nijar: ambaliyar da ta ci tsohon garin Maraɗi 1945, 'yancin kai 3 ga Agusta 1960, juyin mulkin Seyni Kountché 15 ga Afrilu 1974 da rasuwarsa a Nuwambar 1987, karyewar darajar sefa a Janairun 1994, kisan Ba'are 9 ga Afrilu 1999. Ga zuriyar da ta zauna a zangon Kumasi ko Ankara a ƙasar Gana, korar baƙi ta zamanin Firayim Minista Busia a ƙarshen 1969 babban turke ce, domin gidaje da yawa suna raba 'ya'yansu gida biyu: haihuwar Gana da haihuwar bayan dawowa.

Sarauta ta fi duk waɗannan zama a kan tsofaffi. A Kano, Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Muhammadu Sanusi ya biyo baya har 1963, Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni, Ado Bayero ya hau a 1963 ya rasu a 2014. A Katsina, Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo a 1981, Kabir Usman a 2008. A Zazzau, Ja'afaru 1937 zuwa 1959, Aminu har 1975, Shehu Idris har 2020. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938 ya rasu a 1988. Ka ƙara da na hakiminku da dagacinku, da shekarar da aka gina masallacin Juma'a, aka kawo kwalta, aka yi gobarar kasuwa, aka tashi gari saboda dam. Irin waɗannan na kusa su ne suka fi daidai, don mutum da idonsa ya gani.

Hattara da abin da ya faru fiye da sau ɗaya. "Shekarar canjin kuɗi" tana iya zama 1968 lokacin yaƙi, ko 1973, ko Afrilun 1984 na zamanin Buhari. Tambayar da ke warware ta ita ce: "Daga fam da sule aka koma naira, ko launin takardar aka sauya aka rufe boda?" Fari an yi mai tsanani a 1973, an sake yi a 1983 zuwa 1984. Ƙidaya an yi a 1952, 1962, 1963, 1973, 1991 da 2006. Sunayen yunwa kuma suna bambanta daga gari zuwa gari, suna ɗaya yana iya nufin shekaru daban a Katsina da Damagaram, don haka ka tambayi wane sarki ke kan gado a lokacin.

Yadda ake tambaya

Kada ka ba tsoho amsa a cikin tambaya. In ka ce "Baba, ai lokacin zuwan Sarauniya kana da shekara goma ko?" zai ce maka e don ya faranta maka. Ka ce: "Baba, da Sarauniya ta zo, kana ina? Me kake yi a lokacin? An yi maka kaciya?" Abin da kake nema shi ne matakin rayuwarsa a ranar da ka san kwanan watanta.

Matakan suna da ƙiyasinsu. Yaye wajen shekara biyu. Abin da yaro ke iya tunawa da kansa yana farawa daga huɗu zuwa biyar. Famfara shida zuwa bakwai. Kaciya a da ana yin ta da hunturu, yara rukuni guda, tsakanin bakwai da tara. Auren fari na 'ya mace a karkara a wancan zamani galibi sha uku zuwa sha biyar, haihuwar fari bayan shekara ɗaya zuwa uku. Shiga makaranta ba shi da tabbas sosai: a 1976 an kwashi yara daga mai shekara shida har wanda ya haura goma aka zuba aji ɗaya, ma'aunin kawai shi ne yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen.

Ka tambayi sa'o'insa: wa aka yi musu kaciya tare, wa aka yi goyonsu tare, wace ce aka kai ɗaki shekara ɗaya da ita. A kowane gari akwai ɗan malami ko ɗan ma'aikacin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, da aka rubuta haihuwarsa. In Baffa ya ce "ni da wane kwana arba'in ne tsakaninmu, uwata na fita wanka tasa na shiga", ka samu abin da ya fi takardar kotu ƙarfi.

Haɗa wata da yanayi

Wannan ita ce dabarar da ta fi rage ƙiyasi, kuma ba a cika amfani da ita ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka azumi yana zagaya damina, bazara, hunturu da kaka, ya dawo inda ya taso bayan kimanin shekara 33. Tsofaffi kuwa ba sa manta watan da aka yi haihuwa da yanayin da ake ciki. Azumi ya faɗo cikin Agusta, lokacin marka, a 1944 zuwa 1946, da 1977 zuwa 1979, da 2010 zuwa 2012. Ya faɗo cikin tsananin sanyin Disamba da Janairu wajen 1965 zuwa 1967 da 1998 zuwa 2000. Ya faɗo cikin zafin Afrilu wajen 1956 da 1957, da 1988 zuwa 1990. Babbar Sallah tana zuwa kusan kwana saba'in bayan Ƙaramar Sallah, sai ka lissafa daga nan.

Ka san sunayen watanni yadda tsofaffi ke kiransu: watan cika-ciki shi ne Muharram, watan Takutaha ko Gani shi ne Rabi'ul Awwal, azumin tsofaffi Rajab, sha ruwan tsofaffi Sha'aban, watan bawa kuma Zulƙida, tsakanin sallolin nan biyu.

In ka samu shekarar Hijira a rubuce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1385 tana ba da 1965, kuma lalle a watan Mayun 1965 ta kama. Wannan na ƙiyasi ne. Don samun rana sai manhaja. Ka kuma tuna wanda ke ƙirga shekarunsa da yawan azumin da ya gani zai ɗara lissafin boko da shekara ɗaya a kowace 33, wato mai 66 a wancan lissafi 64 yake a wannan.

Abin da suna ke faɗa

Laƙabi shaida ce da aka ajiye tun ranar haihuwa. Ladi da Ɗanladi Lahadi, Altine Litinin, Talatu da Ɗantala Talata, Balarabe da Larai Laraba, Lami da Ɗanlami Alhamis, Jummai da Ɗanjuma Juma'a, Asabe da Ɗan'asabe Asabar. Azumi da Ɗan'azumi watan azumi, Sallau ranar Sallah, Anaruwa ana ruwa, Shibkau lokacin shuka, Nomau lokacin noma, Citumu sa'ad da gero ya nuna aka fara gasa tumu. Wasu kuma jeri suke gyara maka: Gambo yana bin tagwaye, Tanko namiji ne bayan mata, Kande mace bayan maza. In ka ga Gambo babu tagwaye a gabansa a littafinka, koma ka sake tambaya.

Abu biyu ke ɓata wannan shaida. Na farko, mai sunan wani yakan gaji laƙabinsa, sai a kira jika Lami don sunan kakarta ta ci, ba don ranar Alhamis aka haife ta ba. Na biyu, a lissafin gida dare yana riga yini: "daren Juma'a" shi ne daren da ya biyo bayan magaribar Alhamis. Jaririyar da aka haifa ƙarfe tara na wannan dare Jummai ce a gida, amma a kalandar boko ranar Alhamis ce. Ranar suna kuma tana faɗawa a ranar makon da aka yi haihuwa, bayan kwana bakwai, kuma maza sun fi tuna ta fiye da ranar haihuwar, don ita suka halarta. In aka ba ka rana, ka tambaya ta haihuwa ce ko ta suna.

A ce sunan kakarka Lami, ta ce an haife ta a goman ƙarshe na azumi, ana marka, shekarar da sojoji ke dawowa daga Bama, kuma tana goyon ɗa na biyu aka kashe Sardauna. Azumi da marka sun ba ka 1944 zuwa 1946, ko 1977 zuwa 1979. Goyo a 1966 ya kore na biyun. Dawowar sojoji ta tsayar da kai a 1946. Azumin 1365 ya kama wajen 30 ga Yulin 1946, goman ƙarshe ke nan daga wajen 19 zuwa 28 ga Agusta, Alhamis ɗin da ke ciki kuwa ita ce 22 ga Agusta. Gwaji na ƙarshe: a Janairun 1966 tana da shekara 19, goyo na biyu ya yi daidai da hakan. Ka bar sararin kwana ɗaya ko biyu a kowane juyi, domin manhaja lissafi take bi, mutanen gari kuwa ganin wata suka bi.

Takardu

Sai bayan hira za ka bincika adaka da tsohuwar jakar maigida. Takardun ba darajarsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru: rubutun ajami ko Larabci da malami ya yi a bangon Alƙur'ani ko cikin kundi, katin awo da na rigakafi, rajistar haihuwa ta asibiti. Na tsakiya su ne rajistar shiga firamare, takardar sallama daga soja, tsohon fasfon Hajji, rasiɗin haraji, da hoto mai kwanan wata a baya. Mafi rauni ita ce takardar rantsuwar shekaru ta kotu, domin an yi ta ne lokacin neman aiki ko makaranta, kuma sau da yawa an rage shekaru da gangan. In ta saɓa da shaidar tsofaffi biyu da ba su haɗa baki ba, tsofaffin za a bi.

Don tabbatar da shekarar naɗin hakimi ko wata annoba, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan adana takardu na ƙasa a Yamai. Ka je da sunan gunduma yadda ake kiranta a zamanin En'e, don da shi aka jera fayil.

Abin da ya faru a makon haihuwarka

Wanda ya san ranar haihuwarsa aikinsa ya zo da sauƙi, amma ya rarrabe abu biyu: abin da ya faru a ranar a shekarar da aka haife shi, da abin da ya faru a irin ranar a wata shekara. Shafukan intanet na "a rana irin ta yau" na biyun suke bayarwa, kuma ba su cika kawo labarin ƙasar Hausa ba. Tsofaffin jaridu sun fi: Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, New Nigerian daga Janairun 1966, a Nijar kuma Le Sahel daga 1974. Ka duba fitowar washegari da ta kwana biyu bayan ranar, domin jaridar ranar labarin jiya take ɗauke da shi. Gaskiya ba kullum take fita ba, sai ka nemi fitowar da ta biyo baya.

Sannan ka koma gida da abin da ka samo, don shi ke tayar da tunanin iyaye. Wanda aka haifa a ƙarshen Maris 2006 ya tambayi Inna inda take ranar Laraba 29 ga wata da rana ta yi husufi gari ya yi duhu a Gusau, Katsina da Maraɗi. Daga nan sai sauran su biyo: wa ya yi huɗuba, wane limami ya raɗa suna, nawa aka sayi ragon, nawa kwanon gero, wane wanzami ya yi aski, wa ya rasu ana cikin jego. In an ce "an haife ka Hajiya tana takaba", ka samu iyaka, domin takaba wata huɗu da kwana goma ce daga ranar rasuwar.

Rubutawa

Kowane mutum shafinsa daban: sunan yanka, laƙabi, uba, uwa, gari da unguwa, kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da wanda ya ba da bayanin da ranar da ya bayar. A gaban kowane kwanan wata ka sa ɗaya daga kalma uku: tabbas, in akwai rubutun lokacin, rinjaye, in alamu uku sun haɗu, ƙiyasi, in ɗaya ce ko biyu, kuma a nan ka rubuta tsakani, kamar 1938 zuwa 1941. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin ƙiyasin da aka rubuta ba alama, jikoki za su ɗauke shi tabbas su gina nasu lissafin a kansa. In mutum biyu sun saɓa, ka rubuta duka maganganun da sunan mai kowace.

Za ka ci karo da abin da gida ke rufewa: asalin bauta, cikin da aka yi gardamarsa, auren da ya mutu da rigima. Ka nemi izinin manya kafin ka sa irin wannan a kwafin da za a raba, kuma kada ka tura shi zauren WhatsApp na dangi. Abin da ka gano kuma kada ya sa ka garzaya sauya ranar haihuwa a katin NIN ko BVN na tsoho. Saɓani tsakanin takardu yana iya tsayar da fansho ko biza, gyaran kuma yana da nasa matakai a hukumance. Ka ɗauki hoton kowane shafi, ka sa wa kowace murya sunan mai magana da kwanan wata, ka ajiye kwafi biyu a gidaje daban, ɗaya a hannun mace ɗaya a hannun namiji. Wajen zuwa hira kuma ka fara da wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya, ko da garinsa ya fi nisa, kuma kowane zama kada ya wuce awa ɗaya. In ya gaji ka tashi, ka dawo bayan kwana biyu da tambayoyin da hirar farko ta haifar.